Wanda Ya Rako Ni Daga Kufai

Jama'a, wannan labarin ba a bakin wani na ji shi ba, da ni ya faru, kuma na rantse da Allahn da ya halicce ni ban ƙara masa gishiri ba. In ma akwai abin da na yi to ragewa na yi, don uwargida ta ce kada in zazzage komai da komai mutane su ce tsufa ya fara taɓa ni tun lokaci bai yi ba.

A tsakiyar shekarun tamanin ne, lokacin ina tuƙin tasi a birnin Washington. Kafin nan na sha yawon duniya, na yi yaron mota tsakanin Funtuwa da Ikko, na bi fataken goro har Kumasi, na zauna Jidda ina sayar da tasbaha da turare, sannan na tsallaka Amurka da sunan karatu, karatun ya dube ni ya dubi aljihuna ya ce sai wata rana, ya bar ni da sitiyari a hannu. Muna zaune a Lanham, wani ƙaramin gari kusa da birnin, a wani gidan haya hawa na biyu, ni da matata Hajara. Tana da ciki a lokacin, kuma shi ne na uku, biyun farko duk sun zube, na biyun ma sai da ya fara motsi. To kun ga halin da muke ciki. Ko tari ta yi sai na ajiye cokali na dube ta.

Ina da aboki Bitrus, mutumin Zonkwa, yana karatun tarihi a jami'a, idan zafi ya shigo sai ya bi malamansa su je tonon ƙasa neman kayan mutanen da. Ni Gafiya nake ce masa, shi kuma ya ce mini Alhajin tasi. Duk Lahadi in ya taso daga coci gidanmu yake yada zango ya ci tuwo, ya ce wa Hajara matarmu, ta ce masa ya fara kawo kuɗin cefane tukuna. Wata Lahadi yana sharce gumi a kan miyar kuka sai ya ce, "Alhaji, kullum kana kai mutane inda suke so, kai ba ka taɓa kai kanka ko'ina ba. Zo mu je ka ga inda Turawan Ingila suka fara kafa gari a jihar nan."

Na ce, "Gafiya, in kufai nake son gani ai sai in koma ƙauyenmu, suna nan bayan gari, kuma ba sai na ƙona mai ba."

Hajara ce ta yanke maganar. Ta ce, "Don Allah Bitrus ɗauke shi, in samu yini ɗaya in huta da gadi. Ko banɗaki na daɗe sai ya ƙwanƙwasa."

Haka muka kama hanya ranar wata Asabar da safe a tasi ɗina. Ba zan faɗi sunan wurin ba, don na san halinku, wani mai ƙarambani sai ya je gwaji. Kudu dai ake yi, a wuce wani gari da ake kira Clinton, gidaje su yi ta raguwa har ka shiga gonakin taba da manyan rumbunan katako inda ake shanya ganyen, ka yi ta tafiya har ƙasa ta ƙare a bakin wani kogi mai faɗi kamar teku. Ni da aka ce gari, na ɗauka zan ga ganuwa ko rusassun soraye. Ina! Fili ne kawai mai ciyawa da bishiyoyi, ga zafi mai danƙo, ga gyare suna ta kuka kamar an biya su, sai 'yan ramuka masu kusurwa huɗu an ja musu igiya da turaku, samari da 'yan mata sun duƙufa a ciki suna kankare ƙasa da ƙaramin cokalin magini, wasu na tankaɗe ta a rariya kamar masu shirin tuwon biki.

Wata Baturiya mai malafa, ita ce shugabar aikin, ta zaga da mu. Ta ce gidajen na katako ne, sun ruɓe fiye da shekara ɗari uku, abin da ya rage sai tabon baƙar ƙasa a inda kowane ginshiƙi ya tsaya, da tsingaro, da ƙusoshi masu tsatsa, da ɓawon wani abin ruwa mai kamar katantanwa da suka ci suka zubar. Ta ce da yawa cikin mazauna garin zazzaɓi ya kwashe su tun ba su gama sanin ƙasar ba, kuma wasu ba su da kuɗin jirgi, sai suka jinginar da shekarunsu, su yi wa wani bauta har su biya. Maganar nan ta taɓa ni, don ni ma na san wani da ya zo neman arziki ya jinginar da shekarunsa, yana tsaye a gabanta da makullin tasi a aljihu.

Muka zo wani gida da suka tone gaba ɗaya, igiya ta nuna inda bango yake, ga wurin murhu ƙasar ta yi ja. 'Yan makarantar nan tsallake igiyar kawai suke yi ta ko'ina, Bitrus ma haka. Ni kuwa ƙafata ta ƙi. Mu a wurinmu ai mai tsallake katanga sunansa ɗaya ne. Na tambayi matar ina ƙofa. Ta yi murmushi ta nuna mini tsakanin wasu tabo biyu, ta ce in duba yadda ƙasar wurin ta daddage, sawun shiga da fita ne ya daɓe ta haka. Na zagaya na tsaya a wurin, kuma rabi wasa rabi sabo, na gyara murya na ce, "Salamu alaikum masu gida. Baƙo ne daga nesa, kamar ku."

Bitrus ya kwashe da dariya ya ce, "Alhaji ba sa jin Hausa fa."

Na ce, "Sallama ba ta da yare, Gafiya. Kai dai da ka shigo ta katanga ka san abin da za ka gaya musu."

Abin da na lura da shi kawai, gyaren nan sun yi tsit. Ban ji tsoro ba wallahi, sai ma wani irin sanyi da na ji a raina, irin wanda kake ji in ka sha rana ka shiga zauren mutumin kirki. Na tsuguna gefen murhun. Matar ta ɗora mini guntun lofe a tafin hannu, farin yumɓu, irin wanda suke shan taba da shi, ta nuna mini inda haƙoran mai shi suka cinye bakin. Na daɗe ina kallon wannan sawun haƙori. Har na ji bakina na cewa a hankali, ina gajiya, yaya baƙunta, yaya kewar gida. Na san abin da wasunku ke tunani, cewa na zura lofen a aljihu. To ban ɗauki ko tsakuwa ba, a hannunta na mayar mata.

Ina nan tsugune hadari ya taso daga kan kogin, irin na ƙasar nan da ba ya shawara da kowa. Kafin ka ce me an fara sheƙa shi da tsawa, kowa ya ruɗe, ana ta jan tamfal ana rufe ramuka, ni kuwa na zabura na tsallake igiyar nan ta bayan murhu na ranta a na kare zuwa mota. Hanyar an zuba mata farfasasshen ɓawon katantanwar nan, duk taku sai ta yi ƙara. Ina gudu ina jin wani na biye da ni ta hagu, bai wuce ni ba bai kuma bar ni ba, kamar rabin taku a bayana. Na ce Bitrus ne. Sai da na shiga mota na rufe ƙofa na hango Bitrus can wajen ramuka yana riƙe da bakin tamfal. Da ya zo muka kama hanya, motar ta cika da warin ɗanyen ganyen taba da taɓon kogi, na ce takalmansa ne, na yi ta yi masa tsiya har gida.

To daga nan ne fa.

A lokacin tasin Washington ba shi da mita, kuma an yarda ka haɗa fasinja biyu in hanyarsu ɗaya. Ranar Litinin wani mai kwat da jaka ya shiga baya, muna fara tafiya ya ce, "Direba, wa za ka fara saukewa, ni ko shi? Ina sauri." Na ce shi wa? Ya leƙo kujerar gaba, ya ce a'a, yi haƙuri, inuwa ce. Na share. Bayan kwana kaɗan na ɗauki wata tsohuwa baƙar fata da hular zuwa coci, da za ta sauka ta dafa kujerar gaba ta ce, "Allah ya kiyaye muku hanya, ku biyun." Ita ko sake dubawa ba ta yi ba.

Takun kuwa bai bar ni ba. A kan kwalta ba na jinsa sosai, amma a matakalar benenmu, ko kan tsakuwa, ko busasshen ganye, yana nan ta hagu, rabin taku a baya, kuma taku ne na ƙafar da ba takalmi. In na tsaya ya tsaya. In na tayar da sallah a gefen hanya sai in ji ya ja baya ya ba ni wuri, in na sallame ya matso. Na karanta duk abin da na sani, na tofa, na wanke motar da sabulu har hannuna ya yi fari, na banka mata turaren wuta har wani fasinja ya tambaye ni ko gobara ce. Bai cuce ni ba, bai tsorata ni da komai ba, bai kuma tafi ba. Abin da ya fi ba ni mamaki, bai taɓa shiga ɗakinmu ba. Daidai dokin ƙofa yake tsayawa.

Amma wari ba ya jiran izini. Muddin ina gida yana bakin ƙofa, warin taban nan kuwa ta ƙarƙashin ƙofa yake shigowa, mai ciki kuma kun san hancinta. Ranar farko da Hajara ta buɗe mini ƙofa da gudu ta yi banɗaki. Ta ce, "Malam, sigari ka fara sha da girmanka?" Na rantse mata. Ta shinshina bakina ta ce to ba kai ba ne, amma da kai yake zuwa. Abinci ya daina zama a cikinta, ko koko ta sha sai ya dawo. Mota kuwa ba ta iya shiga, ranar awo sai wata maƙwabciyarmu nas 'yar Jos ce ke kai ta. Ta rame har zobe na faɗuwa daga yatsanta. Likita ya ce jaririn ba ya ƙaruwa yadda ya kamata, in aka ci gaba haka za su kwantar da ita, kuma ko sun kwantar ba su yi mana alkawarin komai ba. Rannan da rana na dawo na same ta zaune a bakin gado ta yi tagumi, ta ce ta ga ɗan jini. Ba ta yi kuka ba. Cewa kawai ta yi, "Haka na biyun ya fara."

Na koma yini a waje, in yi ta zaga gari ko ba fasinja, don dai in janye shi daga ƙofarta. To amma mutum zai bar mai ciki ita kaɗai har yaushe? In na zauna in cuce ta, in na tafi in bar ta. Ban gaya mata maganar takun ba, ina tsoron firgici ya ƙarasa abin da wari ya fara.

Wata Lahadi Bitrus ya zo, babu tuwo, shayi da burodi na ba shi, ya sha ba tsokana. Da ya tashi tafiya na zura silifa na raka shi, muka sauka bene, muka ratsa wurin fakin, ina gefensa ta hagu muna 'yar hira, mai takun nan kuma yana nasa gefen a bayana. Da muka kusa motarsa Bitrus ya juyo ya ce, "To Alhaji, ka koma haka, rakiya ta isa. Ka gaida matarmu da jiki."

Na tsaya, kamar yadda kowa ke tsayawa in an ce masa haka. Sai na ji a bayana an yi wani ɗan motsi a kan tsakuwa, an matso, irin matsowar mutumin da ya daɗe a layi ya ji an kira suna mai kama da nasa. Wallahi gashin jikina sai da ya tashi, ba don tsoro ba, don kunya. Na yi sallama a gidan mutum, an karɓe ni, na zauna gefen murhunsa har na yi masa ban gajiya, sannan na fice ta katanga ba ko sai an jima. Shi kuma ya yi abin da ɗan halak ke yi, ya taso ya raka baƙonsa. Mai rakiya kuwa ba shi ke cewa ya gaji ba, baƙo ne ke sallamarsa. Makonni ke nan bawan Allah yana biye da ni ba takalmi yana jiran kalma ɗaya.

Na gaya wa Bitrus komai a tsaye a wurin. Ya sosa ƙeya ya ce, "Alhaji, ni Kirista ne, kuma ɗan jami'a, saboda haka ban ji abin da ka faɗa ba. Amma warin nan tun ranar nake jinsa a jikinka, na ɗauka kana ɓoye wa matarmu wani abu ne. To ka sallame shi mana, ga shi ga ka."

Na ce, "A nan? Mutumin da bai taɓa ganin kwalta ba, in sallame shi a tsakiyar fakin, ina zai nufa? Ƙofar da ya sani a garin nan ɗaya ce, kuma Hajara na bayanta."

Da na hau sama na daure na gaya mata. Na zaci za ta firgita. Tana kwance ta juyo ta dube ni da idanun nan da suka zurma, ta ce, "Kai da bakinka. Har matattun Turawa ba ka bari ba." Can kuma ta ce, "Ka mayar da ɗan mutane gidansu. Kuma kada ka ce sai ya biya kuɗin mota."

Washegari da hantsi muka tafi. Na buɗe ƙofar gaba na riƙe ta kamar yadda nake yi wa tsofaffi, na ɗan jira, sannan na rufe. Bitrus da kansa ya shiga baya ba wanda ya ce masa. Har muka wuce Clinton ina ta ɗan faɗin sunayen wurare a hankali, ban san ko don wa ba. Lokacin zafi ya wuce, ganyaye sun fara zuba, an girbe taba an rataye a rumbuna.

Da muka isa sai gabana ya faɗi. Aikin shekarar ya ƙare, an cike ramukan, an kwashe igiya da turaku, ganye ya rufe ko'ina, fili ya koma fili. Na ce, "Gafiya, ina gidan?" Ya yi gabas ya yi yamma, ya ce wajen bishiyar can ne, ko kuma waccan, taswirar tana ofis. Na ce yau ga gafiya ta manta raminta. Dariyar ba ta fito ba, don ina tuna Hajara da na baro kwance.

Muna tsaye cirko-cirko sai na ji takun ya bar haguna. Karo na farko ke nan da ya wuce gabana. Busasshen ganye na ƙara, ƙaras, ƙaras, a hankali, ba iska ba komai. Bitrus ya damƙi bayan rigata, ɗan jami'ar nan, bai kuma sake ta ba. Muka bi. Bai miƙe kai tsaye ba, sai da ya yi wani ɗan kwana a inda ba abin da ido ke gani, kamar mai zagaya kusurwar ɗaki, sannan ya tsaya. Na sa ƙafa na share ganye, na ji ƙasar wurin a daɓe, ƙofar ce.

Na cire hula na mayar, ban ma san dalili ba, na ce, "Mai gida, na gode da rakiya. Ruwa ne ya kore ni na fita ba sallama, ka yafe ni. Ga ka ga ƙofarka. Ka koma haka, rakiya ta isa, Allah ya huta gajiya."

Sai na ji an sauke numfashi, dogo, irin na ɗan dako in an taya shi sauke kaya. Warin nan da na yi makonni ina shaƙa ya yanke, sai ƙamshin ciyawa da ruwa. Daɗi ya kama ni, na ji kamar ni aka sauke wa kayan, na juya zan tafi, bakina kuma da ya saba tun ina yaro ya ƙarasa abin da ake ƙarasawa. Na ɗaga hannu na ce, "To, sai kun zo."

Bitrus ya saki rigata ya ce, "Alhaji, me ka ce?"

Na ce, "Me na ce?"

Ya dube ni ya girgiza kai, ya ce, "Ba komai. Mu tafi."

A daren ranar Hajara ta ci tuwo, ta nemi ƙari. Jinin ya tsaya, jiki ya dawo, sanyi na tsakiya ta haifi 'ya mace, ƙarama kamar 'yar mage amma da murya kamar ladan. Ranar suna gidan ya cika, 'yan Najeriya da 'yan Nijar masu aikin rediyo, takalma sun yi tsibi a ƙofa, ana ta rabon waina da goro. Wajen la'asar ina tsaye ina zuba wa mutane lemo sai hancina ya ɗauko shi. Na waiwaya ɗaki, Hajara na zaune a tsakiyar mata da jaririya a cinya, ita ma ta ɗago. Ba ta yamutsa fuska ba. Ta yafito ni ta ce a kunnena, "Baƙonka ya zo barka."

Na buɗe ƙofa. Ba kowa sai takalma. Na ce a hankali, "Maraba, sannu da hanya. An samu mace, uwa da 'ya suna lafiya." Ban ce ya shigo ba, wannan karon na riƙe bakina. Muka ɗan tsaya haka, ni da dokin ƙofa, sannan na ji takun ya juya ya fara sauka bene.

To ku gaya mini, mutum ya taso tun daga bakin kogin nan ya zo maka barka, sai ka rufe ƙofa? Na zura silifa na bi shi, ta hagunsa, rabin taku a baya. Muka ratsa fakin, muka fita bakin titi, ya yi kudu. Ina tafe ina sauraron a ce mini in koma. Ba a ce ba. Muka wuce gidan mai, muka wuce shaguna, ina cikin babbar riga da silifa ga sanyi na yanka, kuma abin da har yau in na tuna nake jin tsikar jikina na tashi shi ne ban ji ina son tsayawa ba. Na manta da taro, na manta da jaririya, hankalina kwance, tafiyar daɗi take yi mini kamar mai komawa gida.

Hannu na ji ya fizgi rigata. Bitrus ne, yana haki, Hajara ce ta turo shi. Ya ce, "Alhaji ina za ka?" Na nuna masa gabana da hannu. Sai ya juya wajen titi, ya ɗan rusuna kamar mai gaida surukinsa, ya ce, "Baba, ka yi haƙuri, rakiya ta isa haka. Mai jego na jiransa." Takun ya tsaya. Ya ɗan jima a tsaye. Sannan ya ci gaba shi kaɗai har na daina ji.

Amma kun san, ni ma na sani, ba hurumin Bitrus ba ne ya sallame ni.

Daga baya na sa shi ya tambayi matar mai malafa, a irin gidajen nan wa ke raka baƙo. Ta ce ita dai a ganinta ba lalle mai gida ba, baran gida ake turawa ya kai mutum bakin kwalekwale, ko cikin Turawan da suka jinginar da shekarunsu, ko kuma cikin namu da aka kawo ba da son ransu ba. Watau watakila shi kansa bai taɓa samun wanda ya ce masa koma ba, balle ya san ana faɗa wa wani. Ni dai ban ce fatalwa ba ce, addinina ya gaya mini wanda ya mutu ya tafi ke nan. Ban kuma ce aljani ba ne. Abin da na sani, ko ma mene ne, ya fi mutane da yawa da na ɗauka a tasi ladabi.

Kafin mu baro ƙasar, fiye da sau ɗaya na farga na gan ni bayan Clinton, mota ba fasinja, na miƙi hanyar kudu ban san lokacin da na karya kan mota ba. Yanzu mun daɗe da dawowa gida, yarinyar ta girma har ta fi uwarta baki. Amma har gobe Hajara ba ta barina in raka baƙo ni kaɗai, sai ta tsaya a zaure tana kallo, in baƙon ya cika surutu ya manta, ita ke ɗaga murya ta ce, "Malam, a ce maka ka koma mana." Mutane na dariya suna cewa kishi ne. Wani lokaci kuma da yamma in ina tafe ni kaɗai a hanyar gona, inda karan dawa ya bushe, nakan ji kamar akwai mai tafiya a gabana ta dama, rabin taku, ba ya sauri. Sai in tsaya in yi kamar ina gyara takalmi har ya wuce.

Shawarata gare ku, in yawo ya kai ku kufai, na Turawa ne ko na kakanninku, ku shiga ta ƙofa, wannan ban yi nadamarsa ba. In kun yi sallama to ku yi ban kwana, ko da ruwan ƙanƙara ake yi. In kun gama ban kwana ku kama bakinku. Kuma don Allah duk wanda ya rako ku, ko yaro ne ko tsoho, ku juyo ku dube shi ku ce ya koma, kada ku bar shi yana bin ku yana jira. Ni na san yadda jiran yake, don har yau ban ji tawa sallamar ba.